Ramuka Tara a Gindin Kududdufi

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na binne miji, na binne 'ya'ya uku, na ga yunwa na ga ƙoshi, duk ba su sa bakina ya yi tsawo ba. Amma kwanan baya na je garinmu barkar haihuwa, na ce a bi da ni ta bakin kududdufi, sai na tarar babu kududdufi. An cike shi da jar ƙasa, an kafa injin buga bulo a kai yana ta ƙara. Na tambayi mai injin ko ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce, "Ƙasa ce, Hajiya." Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Na dawo unguwar Takur a Dutse wurin ɗana inda nake zaune, abin ya ƙi barin raina. Zan faɗe shi sau ɗaya in huta.

A nan Dutse ma ana kiwon kifi. Maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ne, ya gina ramin siminti a bayan gida, ya zuba tarwaɗa yana ba su abinci daga buhu kamar kaji. Ya san zurfin raminsa, don shi ya nuna wa magini inda zai tsaya. Gindin sumul yake, ko allura ta faɗa a gan ta. Namu kududdufin ba haka yake ba. Ba babba ba ne, in kana wannan baki ka kira na wancan baki zai ji ka ba sai ka ɗaga murya ba. Ta wajen gari akwai fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse inda mata ke wanki, tun hantsi ka ji bugun kaya tim, tim, da guɗa in an sami labari mai daɗi. Ta can ƙetare dabino ne guda biyu. Da damina wani ɗan rafi yakan kawo masa ruwa, ya kawo kifi, bado ya rufe gefensa, kwaɗi su kama kuka har sai mutum ya daina jin su. Shanun Fulani su sha ta gefe guda, mu mu ɗiba ta gefe guda, ba wanda ya ce wa wani komai. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa. In ka sa hannu zuwa gwiwar hannu, ba ka ganin yatsunka. Da bazara kuwa sai ya ƙafe ƙaf, gindinsa ya tsattsage kamar faso. A lokacin yake zama namu.

Mu masu ginin tukwane ne. Inna, mahaifiyata, ita ke gina randa da tulu da kasko na garin da ƙauyukan gefe, tun kafin robar nan ta zo ta kashe sana'ar. Ni lokacin ina bazawara, aurena na fari ya mutu na dawo ɗakinta. Ba labarinsa zan bayar ba, bai kai a ba da shi ba. Yumɓu mai kyau ba a sama yake ba. Sai ka wuce baƙar laka, ka wuce yashi, sannan dagi ya faɗa cikin wani abu mai laushi kamar man shanu. Shi ya sa ramukanmu ƙananan baki gare su, sai zurfi, sai faɗi daga ƙasa kamar tulu. Ni nake shiga in haƙa, Inna ta jawo kwando da igiya, mu ɗora bisa gammo mu kai gida, kai goma kafin rana ta take. Wata rana dagi ya fasa dunƙulen laka sai ga gaiwa a ciki tana barcin rani, ta yi wani kuka kamar jariri. Ranar an ci miya da nama. Inna takan ce, "Ƙasa ba ta rowa, sai dai ta ga ko za ka sunkuya."

Sau ɗaya ake su, wato kamun kifi, a shekara, bayan an kai amfanin gona gida, ruwa ya fara ja da baya. Kafin ranar, ko ƙugiya ba mai sakawa. Gari duka ke shiga, ƙarfafa da homar kamun kifi a tsakiya, tsofaffin mata da ƙwarya a gefe suna kamfatar karfasa. Wanda ke buɗe ruwa shi ne Sarkin Ruwa. Saura kwana bakwai sai ya shiga da wata doguwar gora tasa ya taka kududdufin daga baki zuwa baki. Gorar ta gaji hannu har tana sheƙi, kuma tana da tsaga huɗu: gwiwa, ƙugu, ƙirji, ta huɗun yana kiranta "sai Allah". Da ita yake faɗa wa kowa inda zai tsaya. Taubashin Inna ne, ni Kawu nake ce masa. In sun haɗu a hanya sai an tsaya kallo. Shi ya ce mata uwar kwaɗi, ita ta ce masa sarkin da talakawansa ba su da ƙafa.

A shekarar da nake magana, ya shiga takun ruwa da hularsa sabuwa, mata na wanki a kan fa. Yana tafe yana dogara gora yana waƙe-waƙensa, don ya ce ko ido rufe ya san ruwan nan. Muna kallo sai muka ga babu Kawu. Hula kaɗai ke yawo a kan ruwa. Can sai ga shi ya ɓullo yana furzar da ruwa, bado a kansa maimakon hula. Allah ya yafe mana, mun yi dariya har wata ta saki zanen da take wankewa ruwa ya tafi da shi. Ba a kai azahar ba labari ya gama gari. Dariyar nan ita ta ja mana. Da ya faɗa ba mai gani, da ya shanye abinsa.

Da la'asar aka kira mu ƙofar gidan Mai Gari. Muka durƙusa daga gefe. Kawu na zaune ya canja riga, fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "matan nan sun mayar da ruwa rariya. Ni na iya iyo. Da tsohuwa ce fa? A hana su haƙa, shi ke nan."

Inna ta ce, "Allah ya ja zamaninka, kakata a nan ta haƙa. Shi kansa randar da yake shan ruwa daga ramin da ya faɗa ta fito. Ziyara ya kai."

Mutane suka ƙyalƙyale. Mai Gari bai yi dariya ba. Mutum ne mai sanyi, amma in ya yanke ya yanke. Ya ce, "Ramuka nawa kuka haƙa bana?"

Inna ta ƙirga a yatsu. "Tara."

"To, jibi da hantsi za ku nuna su duka, ku kafa sanda a bakin kowane. Sarkin Ruwa zai bi da gorarsa ya tabbatar. In kun nuna, ku ci gaba da haƙarku. In kun kasa, ba ku ƙara sa dagi a kududdufin nan."

Muka ce mun gode, don haka ake cewa. Muka kama hanyar gida. Mun san abin da ke ciki. Wurin yumɓu na gaba tafiyar rabin yini ce, kuma gwiwoyin Inna sun riga sun gama aiki. Babu yumɓu babu tukunya, babu tukunya babu tuwo. Ba mu da gona, ba mu da namiji a gida. Kuma ramin da ka haƙa a busasshiyar ƙasa, in ruwa ya rufe shi wata biyar, nemansa ba wasa ba ne. Duk alamar da ka sani tana ƙasa.

Na ce, "Inna, kin tuna inda suke?"

Ta ce, "Bakina bai tuna ba. Bari in tambayi hannuna."

Haka take. In ka tambaye ta abu sai ta yi ta kame-kame, amma in ta taɓa yumɓu komai ya dawo. Mai ginin tukwane a kife take fara gini. Takan kife tsohon kasko a ƙasa, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a bayansa ta bubbuga, in ya sha iska ta ɗaga ta juya shi, ya zama sabon kasko. Washegari da safe Inna ta kife babban kaskonta a tsakar gida. Ta ce in kawo mata ƙwallon goruba da ƙwallon dabino. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce, "Nan gabana shi ne fa." Ta lumshe ido ta fara ɗora ƙwallayen a bayan kaskon tana manna su da ɗan yumɓu, rami mai zurfi goruba, marar zurfi dabino. "Wannan ranar da kunama ta harbe ki. Wannan inda muka sami gaiwa biyu. Wannan ranar da igiya ta tsinke kika zage ni a ciki kina tsammanin ban ji ba." Ni ina gyara mata, wannan matsa shi dama, wancan ya fi kusa da baki. Da suka cika tara ta lulluɓe su da yumɓu, ta bubbuga, ta yi ɗan tsaga a baki wurin da fa yake. Da ya sha iska ta ɗaga, ta juya, ta ƙwaƙule ƙwallayen. Sai ga kududdufinmu a hannu, da ramukansa tara. Ta zuba ruwa a ciki ta tsiyaye, ruwa ya kwanta a ramukan yana ƙyalli. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni haka ba. Yanzu ɗana kan nuna mini gari duka a cikin waya, har da rufin gidanmu. Yana da kyau. Amma ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Ranar ta zo. Wanda bai zo ba sai marar lafiya. Aka shimfiɗa wa Mai Gari tabarma a gindin bishiya. Inna ta zauna a kan fa da kaskonta a cinya, tsagar tana fuskantarta. Ni na ɗaure zane tamau a kan riga, na rungumi sanduna tara kowace da jan tsumma a kai, na shiga. Ruwan da sanyi, laka na shiga tsakanin yatsun ƙafa. Iyona bai wuce na kare ba. Kawu na biye da ni da gora, ba hula.

"Yau ba ka zo da hularka mai iyon ba?" in ji Inna.

"Ki ji da kaskonki, uwar kwaɗi. Yau za ki soya ƙarya a ciki."

Inna ta duba ta ce, "Miƙe sak, taki ashirin." Na miƙe. Ruwa ya kai ƙugu, sai babban yatsana ya ji ƙasa ta ƙare. Kawu ya zura gora, ta nutse har "sai Allah". Na kafa sanda. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ji kaina ya yi girma.

"Na biyu yana hagunki," in ji Inna. "Ki zaga ta dama, nan ƙasa ce mai tauri, ki zo masa ta baya."

Ƙafata ba ta yarda ba. Gangaren da nake ji ta dama yake. Amma kasko ya faɗi gaskiya sau ɗaya, kuma uwa ce ke magana. Na yi dama. Taki ɗaya, biyu, na uku babu ƙasa. Na tafi da sandunana gaba ɗaya. Na sha ruwan nan na ƙoshi, wani abu mai santsi ya goge ni a ƙafa, sannan na ji gora ta taɓa kafaɗata na cafke. Kawu ya jawo ni kamar tarwaɗa. Na ɓullo ina tari, ɗankwali ya tafi, sanduna na yawo ko'ina. Dariyar da aka yi masa ba ta kai rabin tawa ba. Shi kuwa har da riƙe ciki.

"Sannu, 'yar Inna! Kin gaishe min da hulata?"

Na ce, "Ta ce kai take jira."

Amma na ga Mai Gari ya fara neman takalmansa, sai dariya ta fita daga raina. Inna ta sunkuya. Ta dubi kasko, ta dubi inda na faɗa, ta sake duban kasko. Ta ɗaga hannun dama ta kalle shi kamar ba nata ba. Sai ta buga cinya.

"Kash! A kife na gina shi!"

Ba wanda ya gane sai ni. Lokacin da take jera ƙwallaye kaskon a kife yake, kuma daidai ta jera su. Da ta juya shi, sai ya yi abin da waina ke yi a tanda, gefen dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Na farko a tsakiya yake, shi ya sa bai ɓata ba. Shekara arba'in tana juya tukwane, ba ta taɓa gina wadda damanta da hagunta suka dame ta ba.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini haƙuri kaɗan," in ji ta. Ta kife kaskon a kan fa. Ga ƙululu tara a bayansa, manya da ƙanana, kowane inda hannunta ya sa shi. "Inda ya kumbura, nan ne rami."

"Yau kuma da gindin kasko za a auna mana ruwa?" in ji Kawu. "Tudu shi ne rami, rami shi ne tudu?"

"Kai da ka auna da kanka, me ka samo?"

Mai Gari ya saki takalmin. Ya ce a ci gaba. Aka tattaro mini sanduna. Daga nan aiki ya miƙe. Inna ta shafa ƙululu ta faɗi taki, ni in lallaɓa da yatsan ƙafa har in ji baki, Kawu ya zura gora ya faɗi zurfi da ƙarfi don kowa ya ji. Na uku ƙirji. Na huɗu sai Allah. Na biyar yana zura gora ruwa ya yamutse, tarwaɗa cike a ciki, na ga idonsa ya yi haske ya yi sauri ya ɓoye. Tun yana faɗa da ƙyar har ya manta yana fushi, ya fara cewa, "Uwar kwaɗi, na gaba fa?" Rana ta take muna da jan tsumma takwas a kan ruwa, abin sha'awa, kamar an yi wa kududdufi kwalliya.

Na tara yana can gefe, kusa da inda rafi ke shigowa. Inna ta ce goruba ce, babba. Na je wurin, ruwa iya cinya. Na lallaɓa, ƙafata ba ta ji baki ba, yashi kawai. Kawu ya sa gora, ta tsaya tsakanin gwiwa da ƙugu. Ya matsa ya sake sawa. Haka. Ya juya wajen Mai Gari.

"Ranka ya daɗe, nan babu rami. Nan nake tsayar da tsofaffi kowace shekara. Tara suka ce, takwas muka gani. Na taran yana wani wuri yana jiran mutum."

Wannan karon ba tsokana yake ba, kuma yana da gaskiyarsa. Na dubi Inna, ta dubi kasko, hannunta na kan ƙululun bai motsa ba. Ni na haƙa ramin nan. Na tuna ina ciki na ɗaga kai, dabinon nan biyu sun haɗe sun zama ɗaya. Na ɗaga kai a inda nake tsaye. Sun kusa haɗewa. Na ja baya taki ɗaya, na nuna gabana.

Na ce, "Kawu, sa ta nan. Ka danna."

"Na sa."

"Ba sawa na ce ba. Ka hau ta da ƙarfinka."

Ya yi tsaki, ya kama gora hannu biyu ya ɗora nauyinsa don ya kunyata ni. Ta tsaya kamar ba za ta motsa ba. Sai ta tafi. Ƙugu, ƙirji, sai Allah, duk suka shige cikin ƙiftawar ido, shi ma ya bi ta da ka. Na cafki wuyan rigarsa na ja, muka zube baya tare. Da muka miƙe, abin da ya rage na gorar a sama bai fi kamu ɗaya ba. Baƙar laka na ta tasowa tana kumfa. Rafi ne ya cika ramin da laka mai ruwa, ya shimfiɗa yashi a kai kamar murfi. Gora in an ɗora ta a hankali sai ta tsaya. Mutum biyu ko uku su taru a kai suna kamfatar kifi, sai murfin ya buɗe.

Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin matan da ke tsayawa a wurin duk suna bakin ruwa, wata ta fara salati. Kawu ya daɗe yana kallon kan gorarsa. Sannan ya share fuska ya ce mini a hankali, "Mun yi kunnen doki, ni da ke." Ya juya ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, tara ne. Wannan ko shekara zan yi ina taka ruwa ba zan same shi ba. Sai wanda ya haƙa."

Mai Gari ya miƙe. Ya ce mu ci gaba da haƙarmu. Ya ce amma kowace shekara, kafin ruwan farko, Inna ta gina kasko irin wannan ta kai wa Sarkin Ruwa, kuma ranar su a ware mana kifin rami ɗaya. Inna ta ce ta ji ta gode, ta zaɓi na biyar. Kawu ya ce ai ya san uwar kwaɗi ba ta zaɓen banza.

Ƙarti uku suka kama gorar su cire, ta ƙi. Kawu ya ce a bar ta. Ya karɓi jan tsumman da ke kan sandata ta ƙarshe, ya ɗaura mata da hannunsa. Ranar su aka kama kifi har aka rasa masaki, kuma ba wanda ya matsa kusa da ita.

Da bazara ruwa ya ƙafe, ni da Inna muka sauko da dagi da kwando. Gorar na nan tsaye a tsakiyar busasshiyar laka. Sai da na yi yini biyu kafin na haƙo ta. Inna ta sa aka kai masa har gida, ta ce a gaya masa an sallamo talakansa. Sannan ta zagaya, ta buga ƙasa da diddige a wani sabon wuri, ta ce, "Nan."

Na sa dagi.